Darasi na 9: Jirgi, Boko da Majigi a Ƙasar Kano, 1918 zuwa 1939

Manufar darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana son ɗalibi ya iya:

1. faɗin sababbin na'urori da hanyoyin isar da saƙo da suka shigo ƙasar Kano tsakanin 1918 da 1939;
2. bayyana yadda suka taɓa noma, ciniki, karatu da nishaɗi;
3. rarrabe abin da ya iso ƙauye da abin da ya tsaya a birni;
4. faɗin dalilin da ya sa iya karatu ya zama garkuwar talaka.

Gabatarwa

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare a 1918. Na Biyu, wanda dattawa ke kira Yaƙin Hitila, ya ɓarke a 1939. A shekara 21 da ke tsakani ne duniya ta saba da sauraron rediyo, da zuwa silima, da tafiya a mota da jirgin sama. Amurka ta fara watsa shirye-shiryen rediyo na yau da kullum a 1920, Ingila ta kafa BBC a 1922. Fim, wanda da bebe ne, ya fara magana a 1927. Indiya ta fitar da fim ɗinta mai magana na farko, Alam Ara, a 1931, Masar kuma ta buɗe gidan rediyon gwamnati a 1934.

A lokacin Kano tana hannun Turawan Ingila, waɗanda suka ci ta a 1903. Sarki Usman ya yi sarauta daga 1919 zuwa 1926, Sarki Abdullahi Bayero ya gaje shi har 1953. Rijiyar Zaki, wadda yau take cikin Ƙaramar Hukumar Ungogo, tana cikin ƙauyukan da suka kewaye birni, inda gona ke manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta, sai dai a ciyar da ita da taki. Da rani jakai su shiga birni da itace da kara da hatsi, su komo da mangalar taki. Ta wannan zirga-zirga ce sabon kaya da sabon labari suke isowa gida.

Turawa sun kawo yawancin waɗannan abubuwa ne don biyan bukatarsu ta mulki da ciniki. Abin da za mu duba shi ne yadda kakanninmu suka karɓe su: wanne suka runguma, wanne suka ƙi, wanne kuma suka juya shi ya yi musu aiki.

1. Jirgin ƙasa da gyaɗa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Aikin shimfiɗa titin, wanda ake kira diga, da gumin talakawa aka yi shi, da yawansu kuwa ta hannun hakimai da dagatai aka tilasta musu zuwa. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi waƙa a kan wannan aiki, wadda aka sani da Waƙar Diga. Bayan yaƙi aka ƙara rassa: layin Zariya ya kai Ƙauran Namoda a 1929, na Kano ya kai Nguru a 1930.

Auduga Turawa suka sa wa ido. Masaƙun Ingila suna bukatarta, suna kuma tsammanin manomin Kano zai cika musu taragu da ita. Manomi ya yi nasa lissafi. Audugar da yake nomawa tana da masu saye a gida, masu kaɗi da masaƙa, kuma sun fi Bature biya. Gyaɗa kuwa ana shuka ta tsakanin gero da dawa, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabbobi ce, in ciniki ya ƙi a yi mai da ƙuli-ƙuli a ci. Sai ya zaɓi gyaɗa. A 1912 abin da Nijeriya ta fitar waje bai wuce tan 2,500 da 'yan kai ba, a 1913 ya haura tan 19,000, a 1937 kuwa ya wuce tan 300,000, mafi yawa daga ƙasar Kano da maƙwabtanta. Buhunan da ke jiran tarago su ne aka riƙa jerawa har suka zama dalar gyaɗa.

Tsofaffin fataken goro ne suka shiga tsakanin manomi da kamfanonin Turawa, don su suka san ƙauyuka, su ke da yara da dillalai, su kuma jama'a ta amince wa. Fitacce a cikinsu shi ne Alhassan Ɗantata, wanda ya fara saya wa kamfanin Neja gyaɗa a 1918. An ruwaito cewa da aka buɗe banki a Kano a 1929, kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 ya kai ajiya.

Jirgi ya kashe wasu hanyoyi ya raya wasu. Ayarin raƙuma da ke ratsa Sahara zuwa Tarabulus ya yi ta raguwa. Goron da madugai ke kwashe watanni suna ɗaukowa daga Gwanja a kan jakai ya koma zuwa ta teku har Legas, daga nan jirgi ya kawo shi Kano, tafiyar mil 700, cikin 'yan kwanaki. Goro ya ƙara wadata, ya shiga kowane biki da suna. Sabon Gari ta cika da ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu, Kwarori suka kafa kantuna a wurin da har yau ake kira Kantin Kwari.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Daga ranar da manomi ya dogara da gyaɗa, farashin amfanin gonarsa ya koma hannun kasuwannin Turai da bai taɓa gani ba. A 1927 aka yi yunwar da ake kira Mai Buhu. A 1929 tattalin arzikin duniya ya durƙushe, farashin gyaɗa ya faɗi warwas na shekaru, ga fara ta yi ta ɓarna, haraji kuwa dole a biya shi da tsabar kuɗi. A bakin sikeli ma akwai matsala: akawu ne ke duba awo, shi ne ke rubutawa, manomin da bai iya karanta lamba ba sai abin da aka faɗa masa.

2. Kwabo da kayan kanti

Kafin Turawa, da wuri ake ciniki, ana ƙirga shi dubu-dubu, ana ɗaukarsa a kan jaki. A 1912 aka kafa hukumar buga kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila, kuma cikin shekarun da muke magana a kai wuri ya ɓace daga manyan kasuwanni. Aka saba da anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule da fam. Anini da ɗari da kwabo suna da huji a tsakiya, ana zura su a zare, kuma akwai rubutun Larabci a jikinsu, domin shi ne rubutun da jama'a suka iya karantawa.

Da kuɗi ya shiga hannu, kayan kanti suka shiga gida: ashana, kananzir, fitilar ƙwai, sabulu, sukari, akoko da atamfar Ingila, sannan yadin Japan mai araha a farkon shekarun 1930. Keken ɗinki ya haifar da sabuwar sana'ar tela, wanda ke gama taguwa a yini guda. Keken hawa ya zama abin alfarma ga malamin haraji da ɗan kasuwa, har Aliyu Namangi, mawaƙin nan na Zariya mai Imfiraji, ya yi wa keke waƙa.

Yadin kanti ya rage wa masaƙa kasuwa, amma bai tashe su ba. Marinar Ƙofar Mata da ta Kura sun ci gaba da aiki, Buzaye ba su daina neman baƙin rawanin Kura mai ƙyalli ba, mai ɗinkin hannu kuma ya riƙe aikin babbar riga, wanda keke bai iya ba. Sana'ar da ke da abin da kanti ba zai iya kwaikwaya ba, ita ce ta tsira.

3. Mota, jirgin sama da lantarki

Sarakuna da manyan attajirai ne suka fara mallakar mota. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko yana cikin na farko. A 1921 ya yi aikin Hajji ta hanyar da ba a saba ba: jirgin ƙasa zuwa Legas, jirgin ruwa zuwa Ingila, daga nan zuwa ƙasa mai tsarki. Talaka kuwa a lokacin, da ƙafa yake tafiya ta Barno da Chadi da Sudan, yana tsayawa yana ƙwadago, ya shafe shekaru, wani ma ba ya dawowa. Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya ziyarci Ingila a 1934 tare da Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Gwandu Usman, ya kuma yi Hajji a 1937. A wannan tafiya ce ya sadu da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ta ƙasar Senegal, saduwar da daga baya ta yi babban tasiri ga ɗariƙar Tijjaniyya a Kano. Sauƙin tafiya ya ƙara ɗaure Kano da sauran ƙasashen Musulmi, abin da ba shi Turawa suka nufa ba.

Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka a Kano daga Masar, a filin wasan dawaki na Turawa. Wannan ne karo na farko da jirgin sama ya sauka a Kano. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano, wasiƙar da ke yin makonni a teku ta koma yin kwanaki.

A farkon shekarun 1930 En'e ta Kano ta buɗe aikin ruwan famfo da wutar lantarki, ana jawo ruwa daga kogin Challawa. Da kuɗin Baitulmali aka yi aikin, wato da harajin da manoman ƙauyuka suka biya. Amma famfo da fitila a birni suka tsaya. Mutumin ƙauye ya ci gaba da jan guga a rijiya da kunna aci-balbal. Wannan rabo marar daidaito tun wancan zamani ya samo asali, kuma ya kamata mai biyan haraji ya san shi.

4. Boko, littafi da jarida

A nan ne sauyin ya fi nisa, don haka a nan za mu fi daɗewa.

Ba Turawa suka kawo rubutu ƙasar Hausa ba. Shekaru ɗaruruwa kafin su zo, malamai suna rubutu da Larabci, sannan da ajami. Waƙoƙin wa'azi na zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u da ajami suka yaɗu. Amma kowane littafi da hannu ake kwafe shi, da alƙalamin kara da tawada, don haka yana da tsada, yana da wuyar samu.

Gwamnatin Turawa ta zaɓi rubuta Hausa da baƙaƙen boko. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina don horar da malaman makaranta. Iyaye da yawa sun ƙi ba da 'ya'yansu, kuma suna da hujja: makarantar ta zo tare da wanda ya ci su da yaƙi, ga 'yan mishan suna amfani da wannan rubutu wajen yaɗa addininsu. Zaɓin boko ya kuma jawo wani rashin adalci. Malamin da ya haddace Alƙur'ani, ya karanci fiƙihu da nahawu, sai ya wayi gari ofis ba ya lissafa shi cikin masu ilimi.

Wata matsala ita ce waɗanda suka koyi boko ba su da abin karantawa. Don haka a 1929 aka kafa Hukumar Fassara, wadda ta zauna a Zariya ƙarƙashin Rupert East, ta koma Hukumar Talifi a 1933. Da farko fassara take yi, kamar littafin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda aka ɗebo daga rubuce-rubucen Larabci na malamanmu. A 1934 kuma ƙamus ɗin Bargery ya fito. A cikin shekarun 1930 ɗin ne aka fara amfani da baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ, ɗ da ƙ, waɗanda kuke koyo a ajin nan, don a rarrabe baki da baƙi, da kafa da ƙafa.

A 1933 East ya zagaya garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai. Abin bai zo da sauƙi ba, domin a wurin malamai alƙalami na ilimi ne da addini, tatsuniya kuwa ta tsofaffin mata ce da yara da dare. Duk da haka gasar ta haifar da littattafai biyar:

- Ruwan Bagaja, na Abubakar Imam;
- Ganɗoki, na Bello Kagara;
- Shaihu Umar, na Abubakar Tafawa Ɓalewa;
- Idon Matambayi, na Muhammadu Gwarzo;
- Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East.

Ku lura da abin da marubutan suka zuba a wannan sabon mazubi. Ganɗoki ya ɗauko zuwan Turawa da yaƙin da aka yi da su. Shaihu Umar ya ɗauko bauta da cinikin bayi ta Sahara, da uwa mai neman ɗanta. Ruwan Bagaja ya zo da yawon duniya da ban dariya irin ta hirar zaure. Baƙaƙen na baƙi ne, amma damuwar da salon maganar na gida ne. Abubakar Imam yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, ya rubuta nasa. Daga baya aka ɗauko shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939. Ya tattaro labarai daga Larabawa da Indiya da Turai, ya sa su a bakin aku. Kamar irin da aka kawo daga wata ƙasa aka shuka a gonarmu, labaran suka tsiro da sarki da waziri da alƙali da ɗan kasuwa irin namu, har mai karatu ba ya gane baƙi ne.

Sai jarida. A 1932 gwamnati ta fara fitar da Jaridar Nijeriya ta Arewa cikin Hausa da Larabci da Turanci, amma jefi-jefi take fitowa, kuma yawanci sarakuna da ma'aikata ke ganinta. A 1938 jita-jita ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus don ta lallashi Hitila. Gwamnati ta ga tana bukatar hanyar yi wa jama'a magana kai tsaye. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito daga Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya, Abubakar Imam ne editan Hausa.

Masu iya karatu kaɗan ne, amma jarida ɗaya tana isar mutane da yawa, don mutum ɗaya ke karantawa da ƙarfi a ƙofar gida ko a gindin bishiya, saura suna ji suna tofa albarkacin bakinsu. Da can labari daga sama yake gangarowa: daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, mai shela ya zagaya da ganga. Jarida ta buɗe hanyar da magana za ta hau sama. Malamin makaranta ko akawu ko ɗan kasuwa zai rubuta wasiƙa, a buga, a karanta a Sakkwato da Yola. Gwamnati ta kafa jaridar don ta faɗi nata, masu karatu suka mai da ita wurin koke da muhawara, kuma daga cikin masu wannan muhawara ne 'yan siyasar Arewa na farko suka fito bayan yaƙi.

5. Garmaho, majigi, silima da rediyo

Garmaho akwati ne da ake wana shi da hannu, a ɗora faifai, a sa allura, murya ta fito. Tsakanin 1927 da 1929 kamfanin Zonophone ya ɗauki faya-fayai a Landan cikin harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa, don sayarwa a nan. Kafin garmaho, in kana son jin waƙa sai makaɗi yana wurin, da kalangunsa ko kotsonsa, kuma sai a fada ko biki ko dandali. Faifai ya raba murya da mai ita, ya sa ta zama hajar sayarwa. A wancan lokaci garmaho na attajirai ne da ma'aikata da mutanen Sabon Gari. Faya-fayan manyan mawaƙanmu irin su Mamman Shata sai bayan Yaƙin Hitila suka yawaita.

Hoto mai motsi ta ƙofa biyu ya shigo, kuma karɓar da aka yi musu ta bambanta. Ƙofa ta farko ita ce majigi. Wani jami'in kiwon lafiya a Legas, William Sellers, ya fara amfani da fim tun ƙarshen shekarun 1920 don koya wa jama'a yadda ɓera ke yaɗa annoba, daga baya aka riƙa zagayawa da mota mai ɗauke da injin haska fim. A 1939 Ingila ta kafa sashen shirya irin waɗannan finafinai don ƙasashen da take mulka, kuma daga nan majigi ya yi ta yaɗuwa a ƙauyuka. Kyauta ne, a fili ake yi bayan faɗuwar rana, da izinin hakimi, mai fassara yana bayani da Hausa a kan tsafta da noma da biyan haraji. Tun da ta hannun sarauta ya zo, kowa yana zuwa.

Ƙofa ta biyu ita ce silima ta kuɗi. A 1937 wasu Kwarori suka buɗe silimar Rex a Kano, a wajen ganuwa, marar rufi, ana nuna finafinan Amurka da Ingila. Malamai da dattawa sun ƙyamace ta saboda cuɗanyar maza da mata cikin dare, da irin hotunan da ake nunawa, da kusancinta da wuraren shaye-shaye. Na'urar ɗaya ce da ta majigi. Wurin da aka ajiye ta, da wanda ya kawo ta, da abin da aka haska, su ne suka sa ɗaya ta karɓu, ɗaya ta zama abin kunya ga mai mutunci. Wannan muhawara ba ta ƙare ba, ita ce ake ci gaba da yi yau a kan finafinan Hausa.

Rediyo shi ne ya zo a ƙarshe. BBC ta fara watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen da Ingila ke mulka a Disamba 1932. A 1935 aka fara rarraba su a Legas ta waya zuwa akwatunan da aka kafa a gidaje. Kano ba ta sami irin wannan ba sai 1944, ana tsakiyar yaƙi, Sashen Hausa na BBC kuwa sai 1957. Saboda haka manomin Rijiyar Zaki na shekarun 1930 ba da rediyo yake jin labari ba, a kasuwa da masallaci da bakin matafiya yake ji. Amma a waje manyan ƙasashe sun riga sun mai da rediyo makami. Italiya ta fara watsa shirye-shirye da Larabci a 1934, Ingila ta mayar da martani a 1938, Jamus ta bi sahu a 1939, kowacce tana neman zukatan Musulmi.

6. Abin da za mu riƙe

Na farko, kakanninmu ba su karɓi komai ido rufe ba. An kawo jirgi don auduga, suka loda masa gyaɗa. An kawo boko don samun akawuna, suka rubuta labaransu da shi. An kafa jarida don gwamnati ta yi magana, suka mayar mata da amsa a cikinta. Abin da suka ga zai taɓa addini da tarbiyya kuwa suka ja da baya.

Na biyu, ci gaban bai rabu daidai ba. Ƙauye ya ba da gyaɗa da haraji da 'yan diga, birni ya sami famfo da lantarki da makaranta. Mata sun fi kowa zama a baya, domin makarantun 'yan mata na farko na gwamnati sai a 1930 aka buɗe su a Kano da Katsina, su ma ɗalibai kaɗan suka ɗauka.

Na uku, duk saƙon da ya zo ta jarida ko majigi ko rediyo, akwai mai shi, akwai kuma abin da yake so. Mai hankali yakan tambaya: wa ke magana, me zai samu in na yarda?

Na huɗu, tun daga wancan zamani takarda ta shiga tsakanin mutum da haƙƙinsa: rasiɗin haraji, takardar awo, tikitin jirgi, sammacin kotu. Wanda bai iya karanta ta ba, dole ya dogara da wani, ko mai gaskiya ko macuci. Wannan ne ya sa aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, kuma shi ne dalilin zamanku a wannan aji. Yau saƙon banki da farashin taki da sanarwar asibiti ta wayar hannu suke zuwa, a rubuce. Mai ilimin allo da ajami a cikinku ya riƙe abinsa da kyau, ya ƙara da boko. Kowanne yana da wurin da yake aiki.

Tambayoyi

1. Me ya sa manoman Kano suka zaɓi gyaɗa a kan auduga? Kawo dalilai uku.
2. Wace illa faɗuwar farashi ta 1929 ta yi wa manomi?
3. Rubuta sunayen littattafai uku na gasar 1933 tare da marubutansu.
4. A wace shekara Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, kuma me ya jawo kafa ta?
5. Me ya sa jama'a suka karɓi majigi amma da yawa suka ƙyamaci silima?
6. Cike gurbi: Jirgin sama ya fara sauka a Kano a shekarar ______. Rediyo mai waya ya iso Kano a shekarar ______.

Tattaunawa a aji

Ku rabu gida biyu. Kashi ɗaya su kawo amfanin da wayar hannu ta yi wa manomi da mai sana'ar gida, ɗaya kashin su kawo illarta. Daga nan ku gwada abin da kuka faɗa da yadda aka karɓi majigi da silima.

Aikin gida

Kowa ya sami wani dattijo ko wata dattijuwa a unguwarsu. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, wane labari magabata suka ba ku game da awon gyaɗa da biyan haraji?" ko kuwa, "Iya, yaushe kuka fara ganin majigi, me aka nuna muku?" A rubuta amsar cikin jimla biyar, da sunan unguwa da kwanan wata, a kawo aji mako mai zuwa don a karanta wa juna.